Kujerar Mutum Ɗaya

Duk faɗin Yorkshire babu wanda ya tsani nauyi kamar ɗan kawuna Clifford Hainsworth. Mutumin da ke yanke farce ranar tseren mota don kada ya yi wa mota lodi. Na taɓa ganinsa riƙe da kofin shayi yana shawara da zuciyarsa ko ya sha duka ko ya sha rabi, daga ƙarshe ya kurkure baki ya tofar. Mutane suna cewa ina ƙara gishiri. To ina ƙarawa, amma a kan Clifford miyar da gishirinta ta zo.

Sana'arsa gyaran famfo. Dogo ne zanƙalele, in ya daɗe tsaye a bakin titi karnuka sukan ɗauka falwaya ce su zo su ɗaga ƙafa. Yayarsa Noreen kuwa, wadda ta rene shi bayan rasuwar uwarsu, Allah ya yi ta a dunƙule kamar turmi, kuma ita ke dafa wa 'yan firamaren garinmu abincin rana. Ni Derek ɗan gwaggonsu ne, abokin wasansu. Tun da makaranta ta gaji da ni ta sallame ni ban ga aikin da na iya kamar tsokanar su biyun ba.

Ubansu, Kawu Arnold, bai bar musu gida ba, bai bar musu gona ba. Mota ya bar musu, ƙirar Marwood. Wani tsoho ne ya riƙa ƙera irinta da hannu a rumfar bayan gidansa, bai cika ashirin ba mutuwa ta karɓe gudumar. Ba rufi, ba ƙofa, jikinta alminiyam ne irin na tukunya, ga shi siriri har in ka jingina da ita sai ta lotsa ta riƙe hoton ƙugunka. In ka zauna a ciki tsakanin mazaunanka da kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ni Gwangwani nake kiranta. Amma fa in aka taka ta, gwangwanin nan sai ya zama zirnaƙo. Attajirai sun sha tasowa daga London su zagaya ta suna haɗiyar yawu, a ba su shayi a raka su ƙofa.

Abin da Kawu ya faɗa a gadon asibiti kaɗan ne. Ya ce, "Taku ce ku biyu. Ku hau ta. Wanda ya mayar min da ita kayan ado yana goge-goge, zan dawo masa a mafarki."

Suka kuwa hau ta, a Tudun Kelby, inda muke taruwa daga bazara zuwa kaka. Hanyar gona ce siririya mai kwane-kwane, mota ɗaya-ɗaya ake saki daga gindin tudu zuwa ƙoli, agogo ne alƙali. Ba a samun ko sisi. Manomi ne da likitan haƙori da direban bas, kowa ya zuba albashinsa a taya don a kira sunansa a lasifika a miƙa masa kofin ƙarfe da ko kare ba zai sha ruwa a ciki ba. Ni mai tsaron hanya ne, wurina kwanar ƙarshe, wadda muke kira Gwiwa, da tutata da tsintsiyata. Duk wanda ya zo wucewa ina ganin cikin idonsa, na san mai tsoro, na san mai hauka.

Mota ɗaya mutum biyu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Na farko ya hau da lambarsa, na biyu ya manna bakwai a gaban lambar. Clifford ne sittin da ɗaya. In ya je ya sauko, Noreen ta ciro bakwai ɗinta na salatif daga jaka ta manna, ta kama kujerar ta janyo ta gaba a kan layukanta, ƙarat-ƙarat-ƙarat har ƙurewa, ta faɗa ciki.

Sai ta cinye shi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum.

Clifford in ya iso Gwiwa kamar mai kokawa da sa yake zuwa, haƙora a waje, taya na kuka, hayaƙi na tashi, gwiwar hannunsa na neman tsone min ido. Noreen kuwa ba ka ganin komai sai ƙoƙon hular kwano yana leƙowa ta saman sitiyari, kamar motar ce ta gaji da jira ta taho da kanta. Inda maza ke taka birki ita ba ta san da wurin ba. Ta shige shuu, ba ƙara, ba ƙura, tutar hannuna ta bi ta da kaɗawa. In an tambaye ta asirin sai ta ce, "Wane asiri? Hanya na gani na bi. Akwai mai son ƙarin shayi?"

A filin ajiye motoci kuwa ba a bar Clifford ya sha ruwa ba.

"Dogo, an ce ka tsaya sayen jarida a hanya."

"Clifford, ka ari bakwai ɗin nan mana, ƙila a jikinsa gudun yake!"

"Ku ƙyale shi, ladabi ne. Yaro mai tarbiyya ba ya shiga gaban yayarsa."

Yana dariya tare da kowa. Kunnuwansa dai su yi ja kamar an murza.

A hunturun wata shekara ya shiga gareji da na'urar huda ƙarfe ya kulle ƙofa. Duk abin da ya ga yana huduwa a jikin motar, sai ya huda don rage mata nauyi. Ya huda fedar birki, ya huda hannun giya, ya huda makullin motar kansa. Na rantse da za a ɗaga motar nan sama a lokacin, da an tace taliya da ita. Wannan ba laifi ba ne, kowa a Kelby yana da irin wannan ciwon. Amma wata Asabar da hantsi na leƙa na same shi zaune a cikin motar a kan wata ƙatuwar leda, ledar tana kumbura a ƙarƙashinsa tana tasowa ta gefen cinyoyinsa kamar ƙullin burodi. Irin ruwan kumfan nan ne da ake haɗawa a zuba, ya kumbura ya daskare da siffar duk abin da ya zauna masa.

Na ce, "Kai Dogo, kwancin ƙwai kake yi? Yaushe za a ƙyanƙyashe?"

"Kada ka ba ni dariya, Derek. In na motsa ta lalace."

"Ina tsohuwar kujerar?"

"Nauyi ce. Ita da layukanta duk nauyi ne. Wannan kai tsaye zan ɗaure ta a ƙasa."

"A ina?"

"A inda nake zaune mana."

Inda yake zaune kuwa can ƙarshen baya ne, inda ƙafafunsa na raƙumin dawa suke samun miƙewa.

Na ce, "Yaya Noreen fa?"

Ya ƙura wa bango ido kamar an rubuta amsar a jiki. Ya ce, "Za a san yadda za a yi."

Ranar buɗe tsere da bazara Noreen ta zo da hular kwanonta a cikin jakar cefane kamar kullum. Clifford ya hau ya sauko. Ta manna bakwai, ta kai hannu inda ta saba kama kujera, hannun ya kama iska. Ta dubi abin da ke wurin, baƙin kwamin kumfa siriri mai hoton ƙasusuwan ƙaninta. Ta ɗaga ƙafa ta shiga. Ƙugunta ya sauka rabi ya tsaya cak, kamar an toshe kwalba. Ƙafafunta na lilo a iska, tsakaninsu da feda tafiyar yini guda. Sai da mu uku muka kama muka zaro ta, ta fito da ƙara fut, filin ya kwashe da dariya, kuma babu wanda ya kai ta dariyar.

Aka runtumo matasan kai daga motocin mutane aka cusa. Mista Pickersgill mai duba motoci kafin a sake su ya zo ya tsaya, ya zura yatsa ya taɓa, ya girgiza kai.

"Noreen, kin san ina ganin girmanki. Amma ba zan sake ki kan tudun nan a bisa tulin matasai kamar amarya ba. In kin taka birki su za su riga ki fita."

Ta juya ta dubi ƙaninta. "Auta, nawa ka rage mata da wannan aikin?"

"Ya kai kwalin sukari biyu, Yaya."

"Kwali biyu! Ai da ka gaya min, da na bar cin burodi na mako guda."

Aka sake yin dariya. Ta ɓamɓare bakwai ɗin a hankali don kada fenti ya tashi, ta naɗe ta jefa a jaka. Ta daki kafaɗarsa, iya inda hannunta ya kai ke nan, ta ce, "Je ka yi mana gudun mu biyu."

Ya ce wata mai zuwa zai zuba mata tata kujerar, a riƙa musanyawa. Wata mai zuwa ya zo, aka ce ruwan kumfa ya yanke a kasuwa. Na bayansa aiki ya yi yawa. Sai kaka, sai hunturu, sai ga wata bazarar. Noreen ba ta tambaya ba ko sau ɗaya, shi kuma bai tuna ba, wai.

Da ta yi fushi da ya ji sauƙi. Da ta daina zuwa, ko ta zage shi a gaban jama'a, ko ta ɗauki ludayin makaranta ta fasa masa kai, da an wuce wurin. Ina! Kowace ranar tsere sai ga ta da kujerarta ta naɗewa da butar shayi da burodi mai cuku a naɗe a takarda, ta kafa a bakin shingen da ke kusa da ni. In ya zo wucewa ta miƙe tana tafi tana ihu, "Taka ta, Auta! Taka ta!" In ya sauko ta miƙa masa burodi ta ce ya ci, ya rame. Ya karɓa ya tauna kamar mai cin tsumma.

Da babu Noreen a gabansa, ba a daɗe ba ya fara cin kofi. Ranar da ya ci na farko ita ta fi kowa murna, har da goge ido. Kofin nan bai taɓa hawa kantar falonsa ba. Na gan shi da idona a ƙarƙashin wurin wanke-wanken garejinsa, cikin tsofaffin bututu, ya cika shi da ƙusoshi. Waɗanda suka biyo baya ma can suka tarar da shi. Kuma duk hude-huden nan, duk yunwar da yake kwana da ita, bai taɓa kamo gudun da Noreen ta yi a motar tana da cikakken nauyinta ba. Babu mai faɗa a gabansa. Shi ma bai buƙaci a faɗa masa ba.

Sai ya koma biyan ta da abin da ya iya. Famfon gidan Noreen bai taɓa ɗiga ba, amma ya canza shi. Ya canza bututun bayi, ya canza tukunyar ruwan zafi, shekara ta zagayo ya sake canza su. Ko a gidan sarauta ruwa bai samu gata irin na gidan Noreen ba. Ta ce da ni, "Derek, ka yi wa ɗan'uwanka magana. Jiya na fita sayen madara, na dawo na tarar ba bahon wanka." In aiki ya kai shi unguwar makarantar firamare sai ya zagaya ta bayan coci don kada ya hango ta ta tagar kicin ta ɗago masa hannu.

Ni kuma ya mayar da ni malamin duba. Muna zaune a mashaya ko muna kwance ƙarƙashin motar, sai ya ce, "Derek, kana ganin ta sani?"

"Ta san me?"

"Ba komai. Miƙo min sifana."

Shekara da shekaru muna wannan karatun, ba mu taɓa wuce nan ba. Gashin Noreen ya yi fari, ta sa tabarau mai kauri, makaranta ta yi mata walimar ritaya. Clifford ya ƙara tsawo don rama.

Wata ranar tsere da kaka, tana naɗe kujerarta tana cije leɓe, ta ce, "Auta, baɗi ƙila sai dai ku ba ni labari. Gwiwoyin nan sun fara ƙin hawan filin nan." Haka kawai ta faɗa, kamar mai cewa za a yi ruwa. Na ga Clifford ya yi fari fat. Burodin da ke hannunsa ya faɗi, kare ya ɗauke, bai ma sani ba.

Washegari ya kira ni gareji. Ashe tsohuwar kujerar ba ta je ko'ina ba. Tana rataye a can cikin rufi, a naɗe da bargo, layukanta sun sha man giris, da gani duk shekara ake sauko da su a shafa a mayar. Muka ɓalle baƙin kwamin nan muka ɗaura ta. Sannan ya ce in raka shi gidan Noreen.

Muka same ta a kicin tana feraye dankali. Ya tsaya a bakin ƙofa, kansa na gogar sama, yana murza hularsa.

"Yaya, na mayar da kujerar."

"Wace kujera?"

"Ta Baba. Mai layi." Ya sake murza hular. "Yaya, ba don nauyi na cire ta ba."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in shiga in maƙale. Ni na yi maka wankin wando, Auta. In ka yi ɓarna kunnenka ke fara kai ƙararka."

"To me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?"

Ta ajiye wuƙar. Ban taɓa ganin fuskar Noreen ba dariya a kanta ba sai ranar. Ta ce, "In ce me? In roƙe ka wurin zama a motar ubana?"

Ni da bakina ba ya rufuwa ko a jana'iza, sai na ɗauki ɗanyen dankali na gatsa.

Ya ce, "Saura taro ɗaya a bana. Ki hau, Yaya. Don Allah."

Ta ce, "Sai a nemo min hula. Tawa na shuka fure a ciki."

Ranar taron ƙarshe labari ya riga mu isa. Tsofaffin da suka san ta suka jeru a shinge suna gaya wa matasa, "Yau za ku ga tuƙi." Clifford ya fi kowa baki. Yana zagayawa yana cewa, "Za ta cinye ni, ku tsaya ku gani, ko ƙurarta ba zan sha ba." Ban taɓa ganin mutum yana ɗokin a kayar da shi haka ba.

Hawa biyu kowa ke yi. Ita ta fara. Na ji kukan motar daga ƙasa, na gyara tsayuwa a Gwiwa. Sai ga ƙoƙon hula ya ɓullo. Tun kafin inda maza ke taka birki, ta taka. Ta shiga kwanar tana lalube, ta gyara sitiyari sau biyu, ta fita lafiya lau kamar mai zuwa kasuwa. Tutata ko motsi ba ta yi ba. Tsofaffin nan suka yi tafi, irin tafin da ake yi wa yaro in ya gama karatu a coci.

Da Clifford ya ji lasifika ta faɗi lokacinta, sai ya hau nasa hawan kamar mai ɗauke da ƙwai. A miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaban Gwiwa, inda kowa ke taka mota har ƙasa, na ji ya ɗaga ƙafa. Kurma ma ya ji.

Aka tafi hutun cin abinci. Ina isowa fili na tarar ta tare shi a jikin mota, ta ɗaga kai tana kallonsa, yatsa a ƙirjinsa.

"Me ka yi a miƙaƙƙiya?"

"Giya ce ta ƙi shiga, Yaya."

"Giyar gidanku! Ina da kunne. Ka ƙwace min kujera na yi shiru, don na ga abin yana cin ka. Amma in ka ce sadakar nasara za ka ba ni a gaban mutanen nan, na rantse da kabarin Baba ba zan sake taka gidanka ba. Raini ɗaya ya isa. Ka hau ka yi gudunka."

Ya hau kuwa. Ban san abin da ya shige shi ba. Ya iso Gwiwa ba haƙora, ba hayaƙi, ba kokawa, ya shige shuu, sai da tsintsiyata ta faɗi. Gudun da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, shi ya yi ranar. Noreen ta karɓa ta yi nata na biyu, ya fi na farko sosai, har ta ɗan sa taya kuka. Amma tsakaninta da shi mutum zai iya shan shayi ya wanke kofi.

Da na sauko daga tudu na same ta har yanzu a cikin motar, an cire mata hula, gashinta ya jiƙe, hannayenta a kan sitiyari, tana ta dariya ita kaɗai. Clifford na durƙushe a gefe a cikin ciyawa.

Ta ce, "Kai, na ji daɗi! Amma hannun ya manta, Auta. Idon ma sai na iso kwana yake gaya min ga ta."

"Baɗi zai dawo, Yaya. In muka fara tun bazara, zan riƙa kai ki kina gwadawa, zan..."

"Babu baɗi. Yau ma don kai na hau." Ta shafa kansa, abin da rabonta da yin sa tun yana ɗan firamare, don sai ya durƙusa take kaiwa. "Ka ci, Auta. Yau kam da gaske ka cinye ni."

"Ba ke na cinye ba. Wadda zan cinye na hana ta hawa."

Ba ta ce masa a'a ba. Ta dai miƙo hannu ta ce mu zaro ta, gwiwa ta ƙage.

Lasifika ta kira Clifford Hainsworth ya zo ya karɓi kofi. Bai motsa ba. Aka sake kira. Noreen ta zungure shi da ƙafa.

"Tashi, mutane na jira. Kuma ka yi musu murmushi, kada ka kunyata ni."

Ya tashi ya je, ya yi murmushin. Hoton na nan a bangon ɗakin ƙungiya har gobe, duk baƙon da ya gani sai ya tambaya wa ya rasu.